Biyar a Idonki

Sefru, 3 ga Mayu, 1987

Ƙanena Larbi,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da iyali da asibitin nan naku na Wujda da ya mantar da kai kana da 'yar'uwa.

Kada ka ji daɗi, ba zumunci ne ya sa na ɗauki alƙalami ba. Babban yatsana na hagu ne. Ina zaune ina ƙulla maɓalli, sai kawai ya naɗe cikin tafi ya ƙage, in ja in ja ya ƙi miƙewa sai ya ga dama. Leɓuna kuma kamar ƙiyashi na yawo a kansu. Ka san da yatsan nan nake danne maɓalli, allura na zagaya shi da siliki. Shekara talatin bai yi mini gardama ba sai yanzu, da bikin Ibtisam ya rage wata biyu, kaftaninta na jiran maɓalli ɗari da arba'in. Na yi wa 'ya'yan mutane, a ce tawa 'yar ta sa na kasuwa? Wallahi tsoro nake ji.

Na san mafarin abin. Ranar Juma'a maƙwabciyata Batul ta ɗauki maɓallin da na gama, ta juya shi, ta ce duk Sefru babu hannu irin nawa. Ko tabarakallah ba ta ce ba. Na ɗaga tafi cikin wasa zan ce mata "biyar a idonki", nan take yatsan ya lanƙwashe. Huɗu na nuna mata, Larbi. Wata tsohuwa cikin matan da ke wurin ta ce hannun da bai cika biyar ba ai ba ya tare ido.

Ka aiko mini da man shafawa mai ƙarfi. Wa'azi kuwa ka riƙe abinka.

Yayarka,
Zuhur

Wujda, 11 ga Mayu

Yaya Zuhur,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na ji daɗi, na kuma shiga damuwa. Allah ya ba ki lafiya.

Wa'azin da kika hana, ki yi haƙuri da kaɗan. Yatsa yana ƙagewa saboda dalilai da yawa. Yawan aiki iri ɗaya yana kumbura jijiya, shi ya sa masu ɗinki ke fama da shi. Wani lokaci jijiya ce ke matsewa a wuyan hannu. Akwai ciwon gaɓɓai na girma, ko da yake na san har yanzu ke yarinya ce. Akwai rashin shan ruwa, kuma shayin na'ana'a kofi goma ba ruwa ba ne. Idon Lalla Batul dai ban same shi a littafinmu ba. Matar da ta yi mana jinyar Inna?

Amma zancen leɓen nan ya hana ni sukuni. Idan wani sinadari mai suna kalsiyam ya yi ƙasa a jini, haka yake yi, baki ya yi ƙiyashi, yatsa ya shige tafi. Ki amsa mini tsakani da Allah: ya taɓa hannun dama? An taɓa yi miki wani aiki a wuya? Ki je asibiti a Fas a auna jininki, kada ki jira biki.

Ga man nan na aiko don kada ki tsine mini, amma ba shi ne maganin ba.

Ƙanenki mai biyayya,
Larbi

Sefru, 20 ga Mayu

Larbi,

Salamu alaikum. Kowa lafiya.

Ina ruwan wuya da yatsa? Kamar in ce maka ƙafata, ka ce in buɗe baki. Dama ku mutanen asibiti ba ku da aiki sai tonon asiri da wuƙa. Inna da ƙafarta ta shiga ɗakin tiyatarku, a makara aka fito da ita. Ni Fas ta gan ni, ba na komawa.

Tunda ka tambaya, e, na daman ma ya fara, shi ya sa ka ga rubutuna kamar tonon kaza. Jiya butar shayi ta suɓuce mini a gaban dangin ango, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Maɓalli talatin da ɗaya kawai na yi.

Batul ta zo da miya har sau biyu, ban buɗe ƙofa ba. Ta tsaya tana kiran sunana kamar mai talla.

Akwai wani tsoho da ke saukowa daga dutse ranar kasuwar Alhamis. Ƙarfe yake sa wa a wuta ya ɗora a gindin yatsa, an ce jijiyar take sakewa, ido kuma ya ƙone. Alhamis ta sama zan je, a fara da na hagu. Ba shawara nake nema ba.

Zuhur

Sefru, Talata, 26 ga Mayu

Zuwa ga Si Larbi,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ni ce Batul, maƙwabciyar Yayarka. Ka yafe mini rubutu, aji uku na yi. Direban bas na ba wa takardar nan don ta riga gidan waya.

Na ji a gidan wanka cewa Zuhur za ta kai hannunta ga mai ƙarfe jibi. Na kuma ji tana yi maka dariya wai ka tambaye ta wuya. To, zan faɗi abin da na dafa Alƙur'ani na rantse ba zan faɗa ba. Azumi uku na kaffara ya fi mini sauƙi a kan hannunta.

Bara da kaka, lokacin da aka ce muku ta je ziyara Fas, maƙoƙo aka cire mata. Ni na raka ta, ni na kwana da ita kwana tara. Ta ɓoye muku ne don kada ku tuna Innarku ku hana ta, ita kuwa numfashi ya fara gagararta. Mayafin da take naɗewa har haɓa ba sabon tsoron Allah ba ne, tabo ne.

Likita ya ba ta wasu manyan fararen ƙwayoyi, ya ce kullum, kada ta fasa. Da ciwon ya warke sai ta ce ita ba za ta yi ta cin alli ba kamar mai ciki. Si Larbi, da su take zana alamar wurin maɓalli a jikin yadi. Ta ce sun fi allin tela kyau, har ni ta ba ni biyu. Ni ma ban san komai ba, na karɓa na gode.

Ta ce idona ne. Na yarda ta ƙi ni har mutuwa, amma ka zo.

Batul

Sefru, 9 ga Yuli

Ƙanena,

Assalamu alaikum. Ina shan allin, safe da yamma, ka daina aiko da tambaya. Leɓe ya daina ƙiyashi, hannun dama ya dawo, ga rubutu ya shaida.

Ibtisam ta ce har yanzu kana cewa da direban ya same ka ranar Laraba, da ka riga tsohon. Ka bar zancen nan. Kai da la'asar ka iso, ni tun hantsi na miƙa masa hannu da kaina. Babu wanda ya ja ni.

Ƙunar ta warke, amma likitan Fas ya ce tabon ya kama jijiya, yatsan ba zai ƙara lanƙwasuwa ba. Na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba. Ɓoyon ya ishe ni.

An yi biki. Maɓallan sun cika ɗari da arba'in: Batul ke danne mini, ni ina zagayawa da allura. Ba ta iya ba, rabinsu sun karkace, na zage ta, ta rama. Azuminta uku tare muka yi.

Jiya tsohuwar nan mai zancen biyar ta kama hannuna ta duba, ta ga yatsan a miƙe ƙiƙam, ta yi hamdala. Wai biyar ɗina ta dawo, yanzu babu idon da zai kama ni.

Ka gaida yara.

Yayarka,
Zuhur