Barkono a Kwanon Bosko

Anti Awino, ki gafarce ni da na yi ƙarfin halin rubuto miki. Sau uku ina yaga takardar nan. Don Allah ki taimake ni.

Ina aji uku na sakandare. Watan jiya Baba ya kawo ɗan kwikwiyo, Bosko, don gadin gida, aka ɗora mini kula da shi. Kawu Okumu, ƙanin Mama, ya ce kare ba ya zafi sai an zuba masa barkono a ugali, wato tuwon masara, a kulle shi a akwatin katako wuni guda kada ya saba da mutane. Haka ake yi. Anti, abin da nake tararwa a akwatin nan in na dawo daga makaranta ba ya rubutuwa. A ciki yake kwana, ga ƙudaje. Ina buɗewa sai ya daka tsalle ya dafa mini farar riga. Ranar Talata wadda muke zama benci ɗaya ta matsa gefe tana toshe hanci. In na ce ya zauna ba ya zama, in na kira shi sai ya shige ƙarƙashin tankin ruwa. Kawu ya ce in cusa hancinsa cikin ƙazantar. Na yi sau ɗaya, na yi amai, kuma tun ranar ƙyamar kaina nake ji fiye da tasa.

Baba ya ce in bai natsu ba zuwa ƙarshen wata, za a kai shi bakin tafki a yar. Ba na son taɓa shi, amma ba na son ya mutu a can. Za ki yarda in sake rubuto miki?

Wata ɗaliba, Kisumu

’Yata, ba a ƙyamar abin ƙyama a ce an yi laifi. Kawunki tsaron gida yake so, kuma yana da gaskiya a nan, amma barkono zawo yake sawa, ba jarumta ba. Kwikwiyo kuma ba ya iya riƙe ciki wuni guda, ke ma ba za ki iya ba.

Ki fara da Mama, maganarta ce ƙaninta zai ji: a daina barkono yau, a buɗe akwatin. Duk bayan cin abinci a kai Bosko wuri ɗaya a bayan gida, in ya yi a can a yaba masa. Zama kuwa, ki riƙe ɗan busasshen kifi saman hancinsa, ki ɗaga a hankali. Gindinsa na taɓa ƙasa ki ce ya zauna, ki ba shi. Minti biyar safe da yamma ya isa. Kada ki ƙara cusa hancinsa, shi ya sa yake gudunki.

Kafin wata ya ƙare, ki kira Baba ya gani da idonsa. Ki rubuto mini ranar da Bosko ya fito daga ƙarƙashin tanki don kin kira shi. Allah ya ba ki sa’a.

Anti Awino