Na Ce Wa Ɗan Farina Ya Warke, Alhali Numfashinsa Na Ɗaukewa

Assalamu alaikum mai wannan shafi, da ku masu karantawa. Ban yi boko ba, murya na aiko a rubuta mini. Ku rufe sunana, kuma don Allah kada ku zage ni sai kun ji ƙarshe.

Ni mai ɗori ce a ƙasar Tambuwal, gado na yi wurin mahaifina. Daga Dogon Daji har Fakku ana kawo mini masu karaya da targaɗe, kuma ba a taɓa ɗaukar mutum daga zaurena aka kai wani wuri ba. Ɗana na fari direba ne, yana jan bas tsakanin Tambuwal da Kebbe. Kun san kunyar ɗan fari. Tun da aka yaye shi kakarsa ta ɗauke shi. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa dafa kansa ba, ga shi har ya yi furfura.

Ya yi jiki, wuya ya cika, minshari ya yi masa yawa. Wata rana matarsa ta zo ta durƙusa ta ce, “Inna, lamarin ya wuce minshari. Sai ya yi tsit kamar an shaƙe shi, sannan ya zabura yana haki. Da rana kuma ko gaisawa ake yana gyangyaɗi.” Sun je asibiti, likita ya ba su takarda su tafi Sakkwato a auna barcinsa, ya ce wataƙila sai an haɗa shi da na'urar da ke hura iska ta hanci, kuma ya ajiye tuƙi tukuna. Na ce, “Ke, ni da nika gyaran wuyan da ya goce, minshari zai gagare ni? Jijiya ce ta ɗaure. Turo mini maigidanki.” Na karɓe takardar na jefa cikin kwalla.

Haka ya riƙa zuwa bayan azahar. In shafa man shanu, in murza wuya, in ja haɓa, in danna kafaɗu. Jama'a, ran nan na fara dafa kansa. Ɗana ne kwance a tabarmata, kansa a cinyata! Kafin in gama barci ya kwashe shi. In na juya shi ta gefe ƙarar minsharin takan ragu, amma ɗaukewar numfashin tana nan. Da carbi nake ƙirgawa, sai in ja ƙwaya ashirin ƙirjinsa na fama iska ba ta shiga. Na gani da idona, ba sau ɗaya ba. To me ya hana ni magana? In ce na kasa, mutanen gari su ji? In ce ya tafi Sakkwato, ya daina zuwa? Kwana bakwai na ce, na ƙara bakwai, na sake ƙarawa. Ranar da ya tambaye ni kansa a sunkuye, “Inna, in koma mota?” sai na ji bakina ya ce, “Ka warke. Tafi.”

Sati biyu bayan nan, ranar kasuwa, da hantsi, motar ta sauka daga titi ta daki bishiya. Wani dattijo mai sayar da gero da ke cikin motar ya rasu nan take. Ɗana kuma ya karye a cinya. Taya ta fashe wurin dukan, sai kowa ya ce ita ce sila. Kun san inda aka kawo masu karayar? Zaurena. Mutum huɗu na ɗora har da shi, ana ta sa mini albarka. Ɗiyar mamacin ma hannunta na ɗaure, tana kuka tana cewa, “Allah shi saka miki, Inna.” Wallahi da ta mare ni da ya fi mini sauƙi.

Ina ɗaure wa ɗana kara a cinya ya ce a hankali, “Ban tuna komai ba, Inna. Ina cikin tafiya, sai na ji ihu.” Na ce, “Ƙaddara ce.” Matarsa tana tsaye, ta dube ni. Har yau tana gaishe ni, amma ta daina zama.

Yanzu ƙafa ta haɗu, mai motar ya gyara motarsa, ya ce ya dawo aiki ran Litinin. Jiya ɗan nawa ya aiko a ce mini zai zo in ƙara murza masa wuya kafin ya fara, wai hannuna ne kaɗai ya yarda da shi. In na faɗa masa gaskiya, na ɗora masa ran dattijon nan, kuma ya san uwarsa ce ta tura shi. Ban ga yadda zai sake taka zaurena ba. In na yi shiru, zai cika mota da 'ya'yan mutane. Na yi istigfari har na rasa bakin yi, ban ji sauƙi ba.

Yau Alhamis. Ku gaya mini, me zan yi?