Sha Biyu, Sha Biyar, Sha Takwas

Sterling, Litinin, 5 ga Maris, 2012

Kawu Dung,

Gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da Anti Kangyang. Na rubuto ne don na san ba ka ɗaga waya.

Ina cikin damuwa. Kamfanin da ya ɗauke ni gwajin aiki na wata uku yana shigo da wiski daga Sukotland. Ranar Juma'a zan miƙa wa manaja bayanin ƙamshi da ɗanɗanon wiski kala uku, dukkansu na matata ɗaya, daga tsiron sha'ir zalla. Da wannan takarda za a yanke ko in zauna ko in tafi. Ga shi mura ta toshe mini hanci tun Asabar, ko albasa ba na ji.

Ka yi shekara goma sha tara kana zuba wa baƙi giya a otal a Jos, hancinka ya fi digirina. Dokar Amurka ta hana aika giya ta gidan waya, shi ya sa na ba maƙwabcinka Martins, tunda kullum yana kawo fasinja filin jirgin sama na Dulles, nan kusa da ni. Kwalabe uku ne, kowace mililita ɗari biyu, da ƙaramin kofi mai cin ashirin da biyar. Su kaɗai aka ba ni.

Ta ɗaya: sha biyu.
Ta biyu: sha biyar.
Ta uku: sha takwas.

Ka rubuta abin da ka ji game da kowace, daki-daki.

'Yarka,
Pauline

Wheaton, Talata

'Yata Pauline,

Gaisuwa mai yawa. Na bi umarninki sak, kamar na likita.

Ta ɗaya na sha biyu. Zuma-zuma, da ɗan ɓawon lemo, sai hayaƙi kaɗan a ƙarshe. Yarinya ce mai kunya.

Ta biyu na sha biyar. Ta fi nauyi, akwai yaji kamar kanumfari. A kofi na huɗu na tuna marigayiya mahaifiyarki, na ɗan yi kuka.

Ta uku na sha takwas, da ƙyar, don ke. Tana da kyau. Kowa ma yana da kyau. Antinki ta ce na yi wa firij jawabi.

Aikin Turawa akwai wahala. Allah ya ba ki haƙuri da shi.

Kawunki

Sterling, Laraba

Kawu,

Ina gaisuwa, da fatan kanka ya sauka.

Shekaru nake nufi. Shekara goma sha biyu, goma sha biyar, goma sha takwas da kowace ta yi a gangar itace. Ban ce ka sha ba. A wannan aiki kurɓa ake yi, a juya a baki, a tofar. Na lissafa: kofi goma sha biyar, mililita ɗari uku da saba'in da biyar, rabin babbar kwalba ke nan, kai da kake shan maganin hawan jini. Anti ta kira ni ta yi minti ashirin da shida tana faɗa, kuma tana da gaskiya.

Na yarda laifina ne da na bar "goma" a baya. Amma Kawu, wane kamfani ne zai ce a sha takwas?

Bayaninka na ta ɗaya da ta biyu zai yi. Ta uku ce manaja ya fi damuwa da ita, ga kwalbar ta ƙare ƙarƙaf, takwas sau ashirin da biyar ɗari biyu ne cif. Ba zan rubuta "kowa ma yana da kyau" ba. Ba zan kuma ƙirƙiri abin da ba wanda ya ji ba. Jibi zan gaya masa gaskiya, in kwashe kayana.

Pauline

Wheaton, Alhamis

Pauline,

Gaisuwa. Kada ki kwashe komai.

Antinki ta yi fushi ta ƙi wanke kofin, ta ce wanda ya sha ya wanke. Allah ya saka mata. A otal, in muna son sanin gaskiyar wiski, kofin da ya kwana babu komai muke shinshinawa, don zafin ya tashi, ainihin ƙamshin ya zauna. Ta uku ce ta ƙarshe da na zuba a cikinsa. Na kife shi a faranti tun jiya, yau na buɗe da idona garau.

Rubuta: dabino da zabibi, sai tsohuwar jakar fata, can ƙasa kuma hayaƙi irin na kifin da aka kyafa, ba ƙauri ba. Ta ɗaya hayaƙinta a baki yake, na wannan a baya yake zuwa, ya daɗe. Na ba Martins kofin a leda, in hancinki ya buɗe ki tabbatar.

Wanda ya rubuta "sha" ga tsohon ma'aikacin otal, shi ya jawo.

Kawunki

Sterling, Juma'a

Kawu,

Barka da yamma. Hancina na hagu ya buɗe da safe. Na ji dabinon da hayaƙin, ban ji jakar ba, don haka na rubuta cewa ita shaidarka ce. Na gaya wa manaja komai. Ya yi dariya har ya cire tabarau, sannan ya ce zan zauna.

Ya ba ni wata kwalba, mai shekara ashirin da ɗaya. Na duba sau uku, babu "sha" a ciki. Duk da haka Anti zan ba.

'Yarka,
Pauline