Ƙorafi Kan Agogo Biyu da Ido Ɗaya

Zuwa ga: Mai girma Shugaban Asibitin Ido
Daga: Mai kati lamba 4417, tsohon mai gyaran rubutu a maɗaba'a
Kwanan wata: 6 ga Mayu, 2024
Game da: Cire sunan mai ƙorafi daga jerin masu jiran aikin yanar ido, bisa zargin rashin zuwa har sau uku

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta girmamawa, mai wannan ƙorafi yana roƙon minti biyar daga lokacinka, a kan kowane agogo ka ga dama. Shekara talatin da huɗu ya yi yana farautar kuskure a rubutun wasu. Idonsa na hagu ya riga ya rufe. Likitarku ta ce na dama ma ba zai wuce Agusta ba in ba a yi aiki ba. Ya jira wata goma sha ɗaya a layi, kuma ga yadda aka yi da shi:

1. Ranar 12 ga Fabrairu, saƙon tes na asibiti ya ce ya zo ƙarfe sha ɗaya. Ya iso goma da rabi. Mai karɓar kati ta juyo masa da fuskar kwamfuta, wai ya duba da kansa, lokacinsa ƙarfe tara ne. Ya gode mata da wannan kyakkyawan zato ga idanunsa. Aka rubuta bai zo ba.

2. Daga baya injiniyan kwamfutarku ya yi masa bayani a ɗan ɗakin nan mai sanyi da ke bayan kantin magani. Rumbun bayanai, inda ake ajiye ranakun ganin likita, yana kan agogon ƙasarmu. Ita kuwa sabar, wato babbar kwamfutar da ke tura saƙo, hayarta aka yi a wata ƙasa, ba a taɓa saita mata yankin lokaci ba, don haka duk abin da ta ɗauko sai ta ƙara masa awa biyu. Maganin da aka yi mata shi ne, aka bar ta yadda take, aka shiga rumbun da bai yi laifin komai ba, aka rage awa biyu daga lokacin kowa. A maɗaba'a, wanda ya gyara shafin da ke daidai don ya dace da gurɓatacce ba ya kai sallar la'asar a bakin aiki.

3. Ranar 11 ga Maris, saƙo ya ce ƙarfe tara. Ya iso takwas da rabi. Kwamfutar tebur ta ce bakwai. Aka rubuta bai zo ba, yana tsaye, hannunsa a kan teburin.

4. Aka ɗauko wani ƙwararre daga waje, ya saita sabar daidai, ya tafi ba tare da ya tambayi abin da aka yi wa rumbun ba. Ranar 8 ga Afrilu, a karon farko, saƙo da tebur suka yi baki ɗaya: ƙarfe bakwai. Mai ƙorafi yana taya asibiti murnar wannan sulhu. Sai dai ƙofarku ƙarfe takwas ake buɗe ta. Ya tsaya a bakinta tun shida da rabi, shi da wasu dattawa biyar da ba sa ganin juna sosai. Na'ura kuwa ta rubuta rashin zuwansu tun bakwai da rabi, don ita ba ta makara.

5. Duk saƙonnin nan wayar matarsa suke shiga, domin ita ta yanki katin, ita ce kuma take karanta masa ƙananan rubutu. Ta rasu a watan Nuwamba. Da ya nemi a canza lambar, aka ce sai mai lambar ta zo da kanta. Saboda haka yana yi wa wayarta caji kowace safiya. Ba zai ƙara komai a kan wannan ba.

6. Ranar 22 ga Afrilu wasiƙarku ta iso, tana sanar da shi cewa an cire sunansa, tare da nasiha kan muhimmancin kiyaye lokaci. Ya karanta ta da gilashin ƙara girman rubutu, kalma-kalma. Akwai kuskuren rubutu huɗu a cikinta.

Saboda haka, cikin ladabi, yana roƙon a mayar wa rumbun awa biyun da aka zare masa, a goge rashin zuwan nan uku, a mayar da shi da dattawan nan biyar gurbinsu na asali, ba ƙarshen layi ba. Kada a hukunta injiniyan. Shi kaɗai ne a ginin nan ya ba shi kujera ya kuma faɗa masa gaskiya.

Akwai littattafai goma sha tara a gefen gadonsa da bai buɗe ba. Idan amsarku za ta iso kafin Agusta, a rubuta ta da manyan baƙaƙe. Idan kuwa za ta wuce haka, a haɗo ta da wanda zai karanta masa.

Allah ya ƙara wa Shugaba lafiya da hasken ido.

Naka cikin biyayya,
(sa hannu)
Mai kati lamba 4417