Kaset Bakwai Masu Muryar Innata

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Rubuta Tarihin Tsohuwar Kasuwar Jega.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka shi daɗe, ina gaishe ka da aiki, kai da sauran dattawan kwamiti, da fatan iyali suna lafiya. Na rubuto maka a bainar jama'a ne domin na bi ta sirri har na gaji. Sunana Saratu, ni malamar makaranta ce a Aliero, haifaffiyar Jega, ɗiyar marigayiya Inna Kulu mai kanwa. Ka san gidanmu. Mahaifiyarka, Allah ya jiƙanta, ba ta sayen kanwa a hannun kowa sai Innata. Abin da nake nema kaɗan ne: kaset bakwai masu muryar mahaifiyata, waɗanda suke hannunku yau wata goma sha huɗu.

Na ɗaya, yadda suka zo hannunku.

Ba ni na kawo muku ba. Kai da kanka ka tako har gidana a Aliero, mako guda bayan ƙaramar sallar bara, tare da sakatarenka. Ka ce kun ji labarin na taɓa ɗaukar hirar Inna kan asalin sunayen wuraren kasuwa, kuma littafinku ba zai cika ba sai da ita. Ka ce mako biyu kacal, a juye su a na'ura a maido mini. Na ji daɗi har na rasa inda zan sa kaina. Na shiga ɗaka na ciro su daga ƙasan akwati, a cikin gwangwanin madarar da suka shekara ashirin da wani abu a ciki, na miƙa maka da hannu biyu. Ban nemi ka sa hannu a takarda ba. Ni da nake hana ɗalibai fita da littafin makaranta sai sun rubuta suna, na ji kunyar furfurarka. Wannan kuskurena ne, na ɗauka.

Na biyu, abin da ke cikinsu, tunda na lura kamar ba ku san nauyin abin da kuka karɓa ba.

Ina kwalejin horon malamai na sayi wata tsohuwar rikoda. Duk hutu, in an yi la'asar, sai in shimfiɗa tabarma a tsakar gida in ajiye ta gaban Inna tana tsince kanwa. Da farko ƙi ta yi. Ta ce, "Saratu, ɗauke mini akwatin ga, ni ba mawaƙiya ba ce." Da ta ji muryarta ta fito daga ciki, ta yi dariya har da hawaye, ta ce ashe haka take da faɗa. Daga ranar ita ke tuna mini.

A ciki ta ba da labarin kasuwar kamar yadda ta tarar da ita, da kamar yadda kakarta ta ba ta. Ta faɗi yadda Buzaye ke saukowa da raƙuma ɗauke da gishiri da kanwa, su ɗaure su a gindin wata tsamiya, shi ya sa ake ce wa wurin Tsamiyar Buzaye. Tsamiyar ta faɗi tun ban yi aure ba, yau shagon cajin waya ne a wurin, amma har gobe ka ce wa ɗan kabu-kabu ya kai ka Tsamiyar Buzaye, ba zai tambaye ka ina ne ba. Ta faɗi Mashigin Nufawa, inda jiragen ruwa ke tsayawa idan gulbi ya cika, da tasoshin tagulla da duwatsun wuya, mata su bar tukunya kan wuta su ruga kallo. Ta faɗi Rumfar Amana, inda manomi daga Kimba ko Giwa Tazo zai bar hatsin da bai sayar ba har wata kasuwa ta zagayo, ba makulli ba mai gadi, ya dawo ya tarar da ɗaurin bakin buhunsa yadda ya bar shi. Ta ce, "Mu dai haka munka tarar, ɗiyata. Wanda ya taɓa kayan rumfar ga, ko gawarshi ba mai ɗauka da daɗin rai."

Ta faɗi fatake masu goro da jakunansu, da Yarbawa masu tufafi, da yadda yarinya 'yar shekara goma a Jega kan iya ciniki da harshe uku ba ta taɓa shiga aji ba. Na karanta littattafan tarihi ba kaɗan ba, na Hausa da na Turanci. Sun gaya mini cewa garinmu babbar mahaɗar fatake ce. Babu wanda ya gaya mini warin kasuwar da safe, ko wane lungu ne mai ciki ba ta bi saboda ɗoyin jimar fatu. Inna ce ta gaya mini.

Kuma ba tarihi kaɗai ke ciki ba. Akwai tarinta. Akwai inda ta katse labarin Nufawa ta kori akuya daga kan garin tuwo. Akwai inda ta kira ni da sunan da ba wanda ya ƙara kirana da shi tun da aka binne ta a Maiyama, a gidan ƙanena, inda ta ƙarasa kwanakinta. Ba mu da hotonta mai kyau ko guda. Muryar nan ita ce abin da ya rage mana.

Na uku, abin da kuka yi da su.

A watan jiya wani ya turo mini babi ɗaya na littafinku ta waya, wanda aka karanta a taronku aka yi ta tafi. Na karanta shi sau uku. Labarin Tsamiyar Buzaye yana nan, na Rumfar Amana yana nan, kusan kalma da kalma yadda suka fito daga bakin Inna. A ƙasa kun rubuta cewa kun samo su daga "wasu dattawan gari". Na duba jerin waɗanda kuka gode wa: maza goma sha ɗaya, kowa da sarautarsa ko digirinsa. Mai kanwa ba ta samu ko layi ɗaya ba.

Da a nan kuka tsaya, wataƙila da na haɗiye. Amma da kuka zo kan rijiyar da ke bayan 'yan hatsi, sai kuka rubuta: "Rijiyar Ummaru, wadda jahilai ke kira Rijiyar Tsoho." Jahilai, ranka shi daɗe?

Bari in gaya maka su waye jahilan. Ummaru bafatake ne, shi ya sa aka haƙa rijiyar, kuma yana da 'ya'ya maza da yawa. Wa ke ɗiban ruwa? Matan 'ya'yansa. Wace mace ce mai tarbiyya za ta buɗe baki ta kama sunan surukinta a tsakiyar kasuwa? Sai suka riƙa cewa za su rijiyar Tsoho. Maƙwabta suka ɗauka, 'ya'yansu mata suka gada, har ya zama duk macen da ke unguwar haka take faɗi. Maza na kiranta da sunan wanda ya haƙa, mata na kiranta da sunan da kunya ta ba su. Sunaye biyu ne, kowanne da asalinsa, kuma na matan ya fi nuna irin mutanen da muke. Kakar Innata tana cikin surukan nan. Wannan bayani yana cikin kaset na uku, gefen farko. Ko dai ba ku saurara ba, ko kun saurara kun ga maganar mata ce. Ka zaɓi wanda ya fi maka sauƙin amsawa. Kuma ka tambayi kanka da wane suna mahaifiyarka take kiran rijiyar nan.

Haka kuka yi da sunan garin kansa. Inna ta kawo ƙauli biyu kan asalinsa, ta ce ita ba ta san wanne ne gaskiya ba, domin ba a gabanta aka raɗa ba. Ku kuwa kun ɗauki guda kun rubuta shi gaba gaɗi, kamar kun ci naman sunan. Wadda ba ta yi boko ba ta fi ku sanin iyakar saninta.

Na huɗu, zirga-zirgar da na sha.

Sau biyar ina hawa mota daga Aliero zuwa ofishinku. An ce mini mai juyewar ya yi tafiya. An ce makullin durowa yana hannun wani. A zuwa na ƙarshe sakatarenka, wanda na girme wa nesa ba kusa ba, ya dube ni yana murmushi ya ce, "Haba Hajiya, wa ke ta kaset a zamanin nan?" Na juya na fita, domin ba shi ya karɓa daga hannuna ba.

Ga abin da ya sa na kasa ƙara haƙuri. Inna tana da ƙanwa guda da ta rage a duniya, Goggo Hassi, tana Karaye ta ƙasar Maiyama. Idanunta sun tafi, ƙafafunta sun ƙi. Da can duk ziyara nakan tafi mata da rikoda, in kunna mata, ta riƙa amsa wa yayarta kamar suna zaune tare, har tana gyara mata labari. Tun bara, da ta ji sallamata sai ta ce, "Kin zo mini da Kulu?" Sau uku ina ce mata rikodar ce ta lalace. Ƙarya nake yi wa tsohuwa mai shekara kusan casa'in domin in rufa muku asiri. A zuwan da na yi makon jiya ba ta ma tambaya ba. Ta juya fuskarta bango.

Saboda haka ga buƙatuna.

Ku maido mini da kaset ɗina bakwai kafin Juma'a biyu masu zuwa, a hannuna, ba ta hannun kowa ba. Idan wasu sun lalace, ku kawo su a lalace, na san mai gyara. Idan sun ɓace, ka zo da kanka ka faɗa mini, yadda ka zo da kanka ka karɓa. Ku cire kalmar nan "jahilai" kafin littafin ya je maɗaba'a, ku rubuta sunayen rijiyar biyu da dalilin kowanne. Ku sa sunan Inna Kulu mai kanwa a inda kuka ɗauki maganarta. Ba na neman a biya ni komai, kuma ba na so littafin ya tsaya. Ina so jikokina su karanta shi fiye da yadda kuke so.

Idan Juma'a biyun suka wuce shiru, ba zan sake rubutu ba. Zan ɗauki hayar mota in zo ƙofar gidanka, in roƙe ka ka shiga mu tafi Karaye, ka durƙusa gaban Goggo Hassi ka gaya mata da bakinka inda yayarta take. Ni na gama yi mata ƙarya.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya ba ka ikon sauke amanar da ka ɗauka, ya jiƙan iyayenmu baki ɗaya, ya sa Goggo ta kai ranar.

Wassalam.

Saratu, ɗiyar Inna Kulu mai kanwa,
Aliero.