Zaren Maris na Bana

Yaya Lachezar,

Ina gaisuwa. Ya Mama da awakinmu? Ni lafiya lau, sai ɗan tari.

Kullum ruwa ake yi a Gdansk. Afrilu na ƙarewa, ban ga shamuwa ko furen bishiya ba, balle in cire zaren Maris ja da fari da kuka aiko na ɗaura a hannu. Ka san al'adarmu, sai an ga ɗayansu ake cire shi. Gwaggo Radka ta ce, "Ke 'yar ƙauye, cire shi, ya dafe!"

Na daɗe ina kallonsa, Yaya. Kaka da ke murza mana shi kowace shekara bahaguwa ce, hagu take murzawa. Na bana dama aka murza shi. Na tambayi Gwaggo, sai ta koma zancen ruwa.

Don Allah kar ka ce min tana gaishe ni. Ina Kaka?

Ƙanwarka,
Nevena