Barkonon Iri da Muka Cinye Ranar Sadakar Ukunki

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi da girmamawa, ina fatan Allah Ya sa kina cikin ni'imarSa. Ni ce 'yarki Rabi. Damina biyu ke nan da rasuwarki, kuma akwai laifin da na yi miki wanda har yau ban iya faɗa wa kowa yadda yake ba.

Maganar barkononki ce, ɗan Dije, wanda ya ci sunan kakarki saboda ita ta zo da shi gidanmu. Gajere ne mai lanƙwasasshen baki, jansa ya kusa komawa baƙi, ƙamshinsa yana riga zafinsa isa. Na zaga kasuwar Tsanyawa da ta Bici ban ga mai kama da shi ba.

Ina tuna fegin nan na bayan ɗakinki, wanda bai fi shimfiɗar tabarma huɗu ba. Baba ya sha cewa ki bari ya kai miki gona, ke kuwa amsarki ɗaya ce: "Nawa ba ya son maƙwabta." Mu dai dariya muke yi, mun ɗauka rigimarki ce kawai.

Idan ya nuna, sai ki zaɓi mafi kyau ki shirya su a zare da allura, ki rataye a saman murhu inda hayaƙi zai kore musu ƙwari. Na iri ke nan. Ko miya za ta kwana lami, ba mai taɓa zaren nan. Ranar da na tsinki biyu don kwaɗon zogale, kunnena ya gaya mini. "Wannan ba na ci ba ne, na jikokinki ne," in ji ki, ni kuwa a lokacin ko ɗaurin ɗankwali ban iya ba.

Sauran kuwa na yajin jego ne. Duk macen da ta haihu a zuriyarmu, ke kike daka mata da hannunki, da citta da kanumfari da masoro da kimba. Idan taɓaryarki ta fara sauka, har masu wucewa ta bayan katanga sai sun yi atishawa. Ni na ci sau biyar, kuma har yanzu idan na ga kunun kanwa sai bakina ya nemi wannan yajin.

To, ga abin da ya faru. Ranar sadakar ukunki gida ya cika, matan unguwa suna ta girkin masu zuwa gaisuwa. Barkono ya ƙare musu. Wata ta leƙo ɗaki ta tambaye ni, ni kuma ina zaune kaina ba ya tare da ni, na ce su duba ɗakin girki su ɗauki duk abin da suka gani. Suka ga zaren. Ba laifinsu ba ne, Inna, ba su san ka'idarki ba. Ni ce na sani.

Da aka kawo mini tuwo, loma ɗaya na kai na gane. Mutane suna ta yaba miya, har wata tsohuwa ta ce kamar mai gidan ce ta tashi ta yi girkin. Kukan da na yi a lokacin kowa ya ɗauka na rashinki ne. Na rashinki ne, amma har da na kunya.

Na bi dangi gida-gida. Kowa ya koma sayen irin zamani na leda, mai yawan 'ya'ya, mai saurin nuna. Sai a gidan ƙanwarki Inna Laure, can gaba da Tsanyawa, muka zazzage kwallayenta muka samu wani ƙullin tsumma da guda uku a ciki. Ita kanta ta manta shekarar da kika ba ta. Ta ce ba ta jin za su fito.

Na ɓare su, na yi renon ƙwayoyinsu a fasasshiyar tukunya. Biyar suka tsiro, biyu suka rayu. Na dasa su a feginki, na kewaye da ƙaya saboda awaki. Wani malamin gona ya ce mini in ajiye su nesa da kowane barkono, don ƙudan zuma na gauraya iri. Ashe abin da kike nufi da maƙwabta ke nan. Kin san abinki alhali ba ki taɓa zama a aji ba.

'Ya'ya goma sha ɗaya suka yi, na ƙirga su ya fi a ƙirga, na shirya su a zare na rataye a saman murhu.

Sai ga jikarki Hadiza, wadda kika ɗauka tun daga yaye kika raina, ta zo wankan gida. Ta haifi mace, an mayar mata da sunanki. Tun tana da ciki take cewa yajin Kaka za ta ci, don a gabanta kika yi wa kowa, tana jiran nata layin.

Ranar daka na sauko da zaren na tsaya a gaban turmi. Idan na zuba, za ta ci yajinta na mako biyu, ɗan Dije kuma ya tafi ke nan har abada. Na daɗe a tsaye, Inna. Daga baya na mayar da shi saman murhu, na daka mata da na kasuwa.

Ta ɗanɗana ta dube ni. Ba ta yi ƙorafi ba, sai hawaye, kuma na san ba zafin yaji ba ne. Na nuna mata zaren na faɗa mata dalili. Sai ta roƙe ni guda uku, ta ce a bayan ɗakinta akwai wurin da babu maƙwabta. Na ba ta. Uku kuma na kai wa Inna Laure, don kada mutuwa ɗaya ta sake tafiya da shi.

Ki yafe mini na farkon, Inna. Na biyun kuwa, na hana yarinyarki abin da kika yi mata alkawari, kuma ina jin da kina nan ke ma haka za ki yi. Ina kewarki ƙwarai.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka makwancinki, Ya raya takwararki, Ya ba mu damina mai albarka da tsawon ran da zan daka wa Hadiza na gaba da ɗan Dije. Amin.

Taki har kullum,
Rabi